Jirgi Mai Tsuke Kafaɗa da Ƙahon Taƙi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya kwantar da ruwa inda ya so, ya tsayar da dutse inda ya so, ya bar ɗan Adam a tsakaninsu yana ta dabara. Ku matso ku gyara zama, ku ji tafiyar da na yi a kan Tafkin Ɗimuwa, da ƙasashen da na taka, da wuyar da na sha a hannun itace huɗu da tsohuwa ɗaya.

Sunana Barmo ɗan Jatau, sassaƙar jirage ce sana'ata a Tungar Gamji, garin da ke bakin tafkin ta yamma. Kakata ce ta raine ni, Iya Tabawa, 'yar ƙaramar mace mai bakin da ya fi jikinta nauyi. Kun san wasan kaka da jikanta namiji. Tun ina rarrafe take kirana maigida, tun lokacin kuma take kai ƙarata wurin maƙwabta wai ba na cefane.

Iya ba 'yar garinmu ba ce. A Ƙurya aka haife ta, wata ƙasa da duwatsu suka yi wa zobe can gabas da tafkin. A da akwai hanyar ƙasa tsakaninmu da su. Tana 'yar budurwa ta biyo ayarin masu kawo kaya kasuwarmu, kafin su juya ruwa ya taso ya haɗiye hanyar, har yau kuma bai amayar da ita ba. Ta baro iyayenta, ta baro wata 'yar mitsitsiyar ƙanwarta mai suna Yalwa.

Mashiga ɗaya ta rage zuwa Ƙurya, wata tsaga a jikin dutse da ake kira Maƙoshi. Babban jirgi yana iya ƙetare tafkin amma ba ya shiga Maƙoshi, don tsagar ba ta fi ƙofar zaure faɗi da yawa ba. Siririn kwale-kwale kuwa zai shiga, sai dai ba ya kaiwa, saboda raƙuman ruwa sun fi hauka daidai bakin tsagar, kafin ya saita hancinsa sun kife shi. Masunta masu nisan tafiya sukan ce suna hango hayaƙi a bayan duwatsun. Iyakar labarin da muke samu ke nan.

Wata rana ina cikin sassaƙa Iya ta zo ta zauna a kan gungumen da nake aiki a kai, ta ce, "Maigida, shekara da shekaru ina zaune da kai, ko ɗankwali ba ka taɓa saya mini ba. Na yafe. Abu ɗaya nake so, ka kai ni ganin gida. Iyayena na san ƙasa ta rufe musu ido, amma ƙila Yalwa tana nan. Ina so in gan ta tun idona yana gani."

Na ɗago kai zan mayar mata da wasa, sai na ga babu dariya a fuskarta. Tausayinta ya kama ni, har na kasa ci gaba da aiki ranar.

Na yi ta tunani har na haɗa dabara. Na sassaƙa jirgi siriri mai tsawo, na kira shi uwa. Na sassaƙa wasu ƙanana biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, na kira su 'yan rakiya. Kowane ɗan rakiya azara biyu ke riƙe da shi, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowace azara kuma tana shiga cikin rarakakken gungumen giginya da na ɗaure a kan uwar, kamar yadda takobi yake shiga kube. In an tura azarun waje jirgi ya buɗe kafaɗa, ba raƙumin ruwan da zai kife shi. In an ja su ciki da igiya ya tsuke ya zama siriri. Na kafa masa jigo, na ɗinka ƙaton zane na kama iska. A tudu komai ya tafi daidai, har na fara tafiya ina ɗaga hanci.

Da muka saka shi a ruwa ya kwana, itace ya sha ya kumbura. Na ja igiya a gaban duk mutanen gari, azara ta ce ba ta san zance ba. Na tokare ƙafa na ja har na faɗi zaune. Iya ta dubi jama'a ta ce, "Kun gani ko? Haka yake a gida ma, sai cika baki."

Na rage wa azarun kauri, suka soma motsi, amma da kuka da gurnani, kafin su shige an isa a tuƙa tuwo a kwashe. A bakin Maƙoshi kuwa tsakanin raƙumin ruwa na ƙarshe da dutse numfashi kaɗan ne. Abin da nake nema santsi ne, ba kuma wanda ya san shi a garinmu. Matafiya suka ce a tsibiran tafkin akwai mutanen da suka ƙware a kansa. Muka loda guzuri, muka buɗe kafaɗar jirgi, muka miƙa wa iska zane.

Ƙasar farko da muka sauka ita ce Tsibirin Maiƙo. Tun daga nesa muka hango garin yana ƙyalli. Mutanen nan ba abin da ba sa shafa wa man kaɗe: ƙofa, taɓarya, igiyar guga, kofaton awaki, har da jikinsu tun daga goshi zuwa tafin ƙafa. Tafiya suke yi sannu-sannu da 'yan gajerun taku, in biyu suka miƙa hannu za su gaisa sai hannuwan su zame kowa ya wuce abinsa. Shugabansu, Magajin Maiƙo, wani ƙosasshen mutum ne wanda hularsa ba ta zama a kansa, yana magana yana taro ta.

Da na faɗa masa buƙatata ya yi dariya ya ce, "Samari, ai ka zo gidan magani." Ya sa aka gangaro mini da tulun mai wanda ya kai ni ƙirji. Na lafta wa azaru, na ja igiya, suka shige sulul ba ko tari. Na yi godiya na ce za mu kama hanya.

"Ina?" in ji Magaji, yana taro hula. "A nan baƙon da aka ba tulu ba ya tafiya sai ya ga gindin tulun. Ba a zubarwa, ba a fita da shi daga tsibiri. Ku zauna ku yi ta shafawa." Kafin in buɗe baki an kwance zanen jirgina an kai fada ajiya.

Na leƙa tulun, na dubi Iya. Ko wanka za mu riƙa yi da man nan, sai na binne ta a tsibirin kafin mu ga gindinsa. Ita kuwa tana can tana kallon wata mata da ke shanya wake.

"'Yar nan," Iya ta ce mata, "da me kuke soya ƙosai a garin nan?"

Matar ta ce, "Mene ne ƙosai, Iya?"

Ashe duk man da ke ƙasar nan ba wanda ya taɓa tunanin ɗora shi a wuta. Iya ta ɗaura ɗamara, ta sa aka surfa wake aka markaɗa, ta nemi kaskon da ya fi kowanne girma ta ɗora a tsakiyar kasuwa. Ƙamshi ya tashi, gari ya watse ya taru a kanta. Masu gajerun taku suka manta da kansu suka sheƙo da gudu, suna zamewa suna tashi. Magaji ya ci har ya daina taron hula. Ba a jima ba ludayin Iya ya ƙwanƙwasa gindin tulu, ta kife shi a gaban fada ta ce, "Ranka ya daɗe, ga gindi nan, a ba mijina zanensa."

Murnata ba ta yi nisa ba. Man da na lafta ya kwashi yashin bakin gaɓa, yashi da mai suka haɗu suka zama magagari. Duk jan da na yi sai in ji ƙarr, garin itace yana zuba a ruwa. Inda yashi bai kai ba kuwa ruwa ya wanke, 'yan kifaye suka lashe sauran. Azaru suka koma cijewa fiye da da.

Daga nan iska ta kai mu Mirgina, tsibirin da ƙasarsa falalen dutse ce guda, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Gidajensu duk a kan ƙodagon goruba suke zaune. Da hantsi su tura ɗakuna yamma da bishiya, da la'asar su turo su gabas, suna bin inuwa. In maƙwabta suka yi faɗa ba a zuwa wurin alƙali, kowa ya sa kafaɗa ya ture gidansa gaba. Na ga wani mai nauyin barci da ya kwanta a unguwar maƙera ya farka a unguwar marina, yana tambayar wa ya sace masa maƙwabta.

Wata dattijuwa mai suna Cima, wadda ita ke zaɓen ƙodagon gari, ta saurari kukana ta ce, "Ɗana, mai ƙazanta ne. Abin da ke mirginawa ba ya cijewa." Ta taya ni muka kankare man tas, na fafe 'yan kwaruruka a cikin kowane kube, muka jera ƙodago masu kai ɗaya. Da ɗan yatsa na tura ɗan rakiya ya tafi, da ɗan yatsa na jawo shi ya dawo. Na soka wa kowace azara ƙusar itace don ta tsaya inda aka ajiye ta, muka yi sallama.

A tsakiyar tafki abin ya nuna halinsa. Ƙodago ba ya son zama wuri ɗaya, kowace taguwa ta zo sai azaru su yi gaba su yi baya suna dukan ƙusoshin, har ƙusoshin suka kakkarye. Jirgi ya shiga buɗewa yana tsukewa da kansa kamar zugazugin maƙeri. Iya tana zaune a gefe tana wanke kallabinta, ƙafarta ɗaya a kan ɗan rakiyar dama. Wani ƙaton raƙumin ruwa ya ɗaga mu ya maka, na ji ƙodago suna fashewa kamar ana ɓare gyaɗa, ɗan rakiya ya zame waje, Iya ta bi shi tsundum.

Ban san lokacin da na kifa ciki na cafko zanenta ba. Na jawo ta tana tari tana furzar da ruwa. Da ta samu numfashi ta ce, "In ka gaji da ni ka sallame ni mana, sai ka ba kifi ni?"

Na yi dariya don ta ga na yi. Na ɗaure azarun tamau da igiya, na lulluɓe ta da duk abin da ke bushe a jirgin. Tun daga ranar tari ya kama ta, zazzaɓi ya biyo baya. Ta rage cin abinci, ta rage tsokanata, wannan na biyun shi ya fi tayar mini da hankali.

Muna cikin wannan hali muka faɗa wani wuri mai ciyawa a kan ruwa, ba tudu ko na shimfiɗa tabarma. Na hango abubuwa farare suna yawo bibbiyu, na ɗauka gorunan masunta ne. Da muka matso sai na ga shanu ne ke iyo, kowace da ƙahoni manya masu rami a ciki, su ke riƙe kanta a saman ruwa. Makiyayan suna biye da su a kan gadajen kara masu yawo a saman ruwa. Babbansu, wani dogon tsoho mai suna Baba Tunau, ya ga halin da Iya take ciki, bai tambaye mu daga ina ba sai da ya dafa madara ya ba ta.

Na zauna a bakin gadon kara na zuba tagumi ina kallon shanu. Suna cunkushe wuri ɗaya, ƙaho yana gugar ƙaho, amma ba ƙara ba sarƙewa, wannan ya zame ta kan wancan ya wuce. Na miƙa hannu na shafa na wata da ta zo kusa. A jiƙe yake, sumul kamar sabulu, ba mai a jikinsa balle yashi ya kama. Na tashi na kwance azara ɗaya na zaro ta ina dubawa. Sai na lura duk ɓarnar da yashi da ƙodago suka yi a wuri biyu ta tsaya, bakin kube inda azara take dannawa, da can ciki inda wutsiyarta take tokarewa. Sauran itacen ko taɓa juna ba ya yi. Ashe wuri biyu kawai nake buƙatar santsi, ni kuwa ina ta lafta wa duniya.

Na ce wa Baba Tunau ya taimake ni da ƙaho. Ya kai ni wata rumfa inda aka rataye ƙahonin shanun da suka mutu, ya tsaya kamar mai ziyarar kabari.

"Ba ma sayarwa," in ji shi, "ba ma bayarwa don ado. Wanda zai mai da saniya bakin aiki shi muke ba. Amma da sharaɗi. Duk lokacin da za ka sa ta aiki sai ka kira sunanta ka faɗi halinta da babbar murya, gaskiya tsagwaronta, don ta san ba a manta da ita ba."

Na ce na yarda. Sai dai duk ƙahon da na nuna, mai shi ya taso ya ce wannan ta shayar da 'ya'yansa, waccan ta taɓa fid da shi daga bakin kada, ba zai iya rabuwa da ita ba. A ƙarshe saura guda biyu a can ƙurya, manya masu kauri, ba wanda ya yi magana a kansu.

"Na Taƙi ne," in ji Baba Tunau, yana sosa ƙeya. "Ɗauki, ɗana, Allah ya ba ka haƙuri." Ya koya mini abin da zan riƙa faɗa:

Taƙi mai shure ƙwarya,
Taƙi mai kwana a kiwon wasu,
an ce ki zo kin tafi,
an ce ki tafi kin tsaya.

Iya tana kwance ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Wannan saniya danginku ce ta wajen uba." Na ce ni kuwa na ji kamar ana ba da labarin wata tsohuwa da na sani. Na ji daɗi da bakinta ya dawo ko da kaɗan ne.

Na gasa ƙahonin a wuta har suka yi laushi, na tsaga, na danne su suka miƙe, na yanka faifai-faifai kamar tafin hannu. Na dasa su a wuraren nan biyu na kowane kube, na nutsar da kan ƙusoshin don kada su karci komai, na bar ɗan sarari saboda kumburin itace. Muka gwada a gaban makiyaya. Ni na kama igiyar gaba, Iya ta lallaɓa ta kama ta baya, muna kiran Taƙi, a ƙarshen kowane baiti mu ja. Ɗan rakiya ya taho shiru kamar an kira shi cin abinci. In ba a ja ba kuwa yana nan inda yake, ba ya yawon banza irin na ƙodago.

Da muka yi nisa har ba ma hango shanu, na ga ai ba girmana ba ne, ƙato da gemu, in tsaya tsakiyar ruwa ina yi wa matacciyar saniya kirari. Na ce mu gwada ba waƙa. Na ja da ƙarfina, Iya ta ja da nata. Gaban ɗan rakiya ya shigo, bayansa yana waje, ya karkace, azaru biyu suka cije kamar an zuba musu dalma.

"Ka ɓata mata rai," in ji Iya. "Ba ta haƙuri."

Na ce, "Iya, ba saniya ba ce. Ni na riga ki ja, shi ya sa ya karkace. Dole azaru biyu su tafi tare."

"To, da kana kiranta ka riga ni?"

Na tura ɗan rakiya ya koma daidai, na gyara murya na ba Taƙi haƙuri.

Da duwatsun Ƙurya suka bayyana, baƙaƙe masu tsawo kamar sun tokare sama, Iya ba ta iya zama sai na jingina ta da buhun guzuri. Na dubi hannuwanta, duk sun zama ƙashi. Na ce mu juya wurin makiyaya ta ƙara samun ƙarfi, ko in roƙi wani ya zo ya kama mata igiya.

"In muka juya ba zan sake ganin duwatsun nan ba, kai ma ka sani," in ji ta. "Miƙo mini igiyata."

Muka shiga haukan ruwa da kafaɗa a buɗe. Raƙumi ya ɗaga mu, raƙumi ya sauke mu, jirgi ya yi ta rawa amma bai kife ba. Na sauke zane, na ɗaure filafilin tuƙi ya saita tsagar, don daga nan ruwa da kansa ke zuƙar jirgi zuwa Maƙoshi. Da muka hau raƙumi na ƙarshe na yi ihu na ce, "Hagu!" Muka kira Taƙi tare, ɗan rakiyar hagu ya shigo ya manne da uwa.

"Dama!" Na ɗauki baitin farko, sai na ji muryata kaɗai. Na waiga. Iya tana riƙe da igiya, bakinta a buɗe, numfashi ya ƙi isarta. Dutse kuwa yana tahowa, har ina ganin gansakukar da ke jikinsa.

Duk jijiyar da ke jikina cewa take in fizgi igiyar nan da iyakar ƙarfina. Na san kuma in na fizga ɗan rakiya zai karkace ya cije, dutse ya tsinke shi ya juya mu. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na kafa idona a kan hannunta, na ja waƙar a hankali kamar mai rarrashin jariri. Taƙi mai shure ƙwarya. Ta ja kamu ɗaya, na ja kamu ɗaya. Taƙi mai kwana a kiwon wasu. Ta ja, na ja, ban wuce ta da ko ɗan yatsa ba. Inuwar dutse ta rufe hancin jirgi. An ce ki zo kin tafi. Na ga ta naɗe igiyar a damtsenta ta kwanta baya da duk ɗan nauyin da Allah ya bar mata. An ce ki tafi kin tsaya. Ɗan rakiya ya buga jikin uwa, dutse ya karce gefensa ya feso mini ɓawon itace a fuska, muka shige.

Cikin Maƙoshi duhu ne da sanyi, in na miƙa hannuwa ina taɓa bango biyu. Can sai na ji 'yar muryarta daga baya tana cewa, "Muryarka dai ba daɗi, maigida."

Muka fito cikin wani ruwa kwantacce, ga gonaki, ga rumbuna, ga hayaƙin girki. Mutanen Ƙurya suka zubar da abin da ke hannunsu suka yo bakin gaɓa, don rabonsu da baƙo tun kafin a haifi yawancinsu. Suna ta shafa jirgi suna tambaya, Iya ba ta kula kowa ba. Ta ce, "Yalwa 'yar gidan Makaɗa, tana da rai?"

Wata mata ta ce, "Baba Yalwa? Tana can gindin kurna, inda tsohuwar hanya ta nutse. Kullum a can take kaɗinta, mun yi mun yi ta koma inuwar gida ta ƙi."

Na goya Iya a bayana, ba ta fi ɗan akuya nauyi ba. Jama'a suka biyo mu. A gindin wata tsohuwar kurna, daidai inda hanya ta gangara ta shige ruwa, wata 'yar tsohuwa tana zaune da mazari a hannu. Na sauke Iya a gabanta. Suka dubi juna, suka yi ta duban juna, har mazarin ya daina juyawa.

"Yaya Tabawa," in ji tsohuwar. "Kin ce in zauna a nan kada in bi ki, za ki sayo mini alewa ki dawo."

Tunda nake ban taɓa ganin an yi wa Iya magana ta rasa ta mayarwa ba sai ranar. Ta sa hannu a ƙugunta ta kwance wani ƙulli, a cikinsa wani ƙullin, ta fito da 'yar batta ta fata. Ta buɗe. Alewa ce a ciki, ta dunƙule ta yi tauri.

"Kasuwar ce ta cika," in ji Iya.

A nan na gane wani abu. Tun ina yaro, duk ranar kasuwa Iya takan ba ni alewa, kullum kuma busasshiya ta kwana da kwanaki, ina ci ina mita ina cewa ta fiye rowa. Ashe sabuwar tana shiga batta ne, ni tsohuwar ake ba.

Yalwa ta karɓa ta jujjuya ta. Ta buɗe baki ta nuna dasashi fayau ta ce, "Kin bar ni ina famfara, kin dawo babu ko ɗaya. Da me zan tauna?"

"Tsotsa za ki yi," in ji Iya. "Ai ba inda za ni."

Yalwa ta jefa alewar a baki, hawaye suna bin kumatunta. Da ɗaya hannun ta laluba ta kama bakin zanen yayarta ta damƙe, har aka kawo tabarma, har aka kawo ruwa, har rana ta sunkuya ba ta saki ba.

Abin da idona ya gani ke nan a bayan Maƙoshi. Allah ya sada kowa da mai jiransa.